Tausayi Mai Halakarwa: Martani ga George Orwell a Kan Graham Greene

A watan Yulin 1948 mujallar New Yorker ta Amurka ta buga sharhin da George Orwell ya rubuta a kan ƙagaggen labarin Graham Greene mai suna The Heart of the Matter, wanda za a iya fassara sunansa da zuciyar al'amari, kuma tun daga wancan lokaci sharhin ya zama madogarar masu cewa Greene marubuci ne da ke yi wa zunubi kwalliya yana mayar da mai saɓo waliyyi. Orwell ba ƙaramin manazarci ba ne, masu karatun Hausa ma sun san kaifin basirarsa ta hanyar Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafinsa Animal Farm, kuma nauyin sunansa ne ya sa hukuncinsa ya daɗe yana yawo a bakin masu karatu. Matsayin wannan martani shi ne Orwell ya kuskure gundarin maganar, domin ya ɗauki uzurin da wanda ake tuhuma yake ba kansa a matsayin hukuncin alƙali, alhali littafin, tare da finafinan da Greene ya rubuta a daidai waɗannan shekaru, tuhuma ce mai tsanani a kan wani nau'in tausayi da girman kai ke ɓoye a cikinsa.

An haifi Greene a 1904 a garin Berkhamsted na Ingila, inda mahaifinsa yake shugabantar makarantar da shi kansa ya yi karatu a cikinta, ya karanta tarihi a Oxford, ya shiga ɗariƙar Katolika a 1926, sannan ya yi aikin gyaran labarai a jaridar The Times kafin ya dogara da alƙalaminsa. Ya fara taka Afirka ta Yamma a 1935, lokacin da ya tashi daga Saliyo ya ratsa dazukan Laberiya a ƙasa, kuma ya koma Freetown a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin jami'in leƙen asirin Birtaniya, ya zauna can daga 1942 zuwa 1943. Tsakanin 1935 da 1940 ya yi sharhin finafinai a mujallar The Spectator, daga baya kuma ya rubuta labaran fim irin su The Fallen Idol na 1948 da The Third Man na 1949, ya ci gaba da rubutu har rasuwarsa a Suwizalan a 1991. Addininsa da zamansa a Saliyo da aikinsa na fim su ne shaidu uku da za a kira a wannan shari'a.

Labarin da ake jayayya a kansa na Manjo Henry Scobie ne, mataimakin kwamishinan 'yan sanda a wata ƙasar mulkin mallaka da ba a ambaci sunanta ba amma kowa ya gane Saliyo ce, mutumin da ya yi shekara 15 a bakin aiki ba a taɓa kama shi da cin hanci ba. Da aka tsallake shi wajen ƙarin girma, matarsa Louise ta kasa jure zaman garin, banki kuma ya hana shi rance, sai ya ranci fam 200 a hannun Yusef, wani ɗan kasuwa ɗan Siriya, irin fataken da ake kira Kwara a ƙasar Hausa, domin ya aika da ita Afirka ta Kudu. Bayan tafiyarta aka kawo waɗanda suka tsira daga wani jirgin ruwa da aka nutsar, bayan sun yi kwana 40 a cikin kwalekwale, cikinsu da Helen Rolt, yarinya 'yar shekara 19 da mijinta ya mutu a hatsarin, kuma tausayin da Scobie ya ji mata ya rikiɗe ya zama zina. Wasiƙar soyayyar da ya rubuta mata ta faɗa hannun Yusef, wanda ya tilasta masa fasa-ƙwaurin lu'ulu'u. Louise ta dawo ta matsa masa ya karɓi jibin Ubangiji, wato gurasar da Kiristoci ke karɓa a lokacin ibada, wadda Katolika suka yi imani cewa karɓarta cikin babban zunubi ba tare da tuba ba wani sabon zunubi ne mafi muni, shi kuwa ya karɓa don kada ta gane. Daga nan ya fara zargin boyinsa Ali, ya kai kukansa wurin Yusef, aka kashe Ali a bakin tashar jiragen ruwa, sannan Scobie ya sha maganin barci fiye da ƙima ya kashe kansa, bayan ya shirya komai yadda za a ɗauka ciwon zuciya ne ya kashe shi.

Adalci ya wajabta a kawo hujjojin Orwell da ƙarfinsu. Na farko, ya ce halayen Scobie ba sa haɗuwa wuri ɗaya: wanda ya yi imani da cewa zina babban zunubi ce zai daina, idan kuwa ya ci gaba to jin nauyin zunubin zai ragu a zuciyarsa, kuma wanda ya gaskata da wuta ba zai jefa kansa cikinta don kawai kada ran mata biyu ya ɓaci ba. Na biyu, ya ce mai irin wannan rauni da tuni ya faɗa rami shekaru da yawa kafin nan, kuma mutum mai tsoron cutar da wani har haka ba zai taɓa zama ɗan sandan mulkin mallaka ba. Na uku, ya ce babu dalilin kai labarin Afirka, domin in ban da ɗan kasuwar nan ɗan Siriya komai zai iya faruwa a wata unguwa ta gefen Landan, 'yan Afirka kuwa ba su wuce bangon da aka jingina labarin a jikinsa ba, kuma ba a taɓo gabar da ke tsakanin baƙi da fari ko gwagwarmayar 'yan kishin ƙasa ba. Na huɗu, wanda shi ne mafi nauyi, ya ce Greene ya mayar da halaka wata alfarma, kamar wuta wani kulob ne na manya da Katolika kaɗai ke shiga, kuma ya kafa hujja da maganar marubucin Faransa Charles Péguy da Greene ya sa a farkon littafin, wadda ke nuna cewa mai zunubi yana tsakiyar addinin Kirista.

Hujja ta farko ta ginu ne a kan zaton cewa sani yana hana aikatawa, kuma wannan tsohon zato ne da ake danganta wa Sukurat, masanin falsafar Girka, wanda ya koyar da cewa babu mai aikata mugunta da saninsa, har Aristotal ya zo ya keɓe sashe a littafinsa na ɗabi'a domin bayanin raunin niyya, wato halin mutumin da ya san daidai amma son zuciya ya rinjaye shi. Idan da imani da wuta yana hana saɓo kai tsaye, me ya sa addinan da suka fi tsoratarwa da wuta su ne kuma suka fi faɗaɗa babin tuba? Wa aka buɗe wa wannan ƙofa in ba mai imanin da ya faɗi ba? Duk limamin da ya daɗe yana sauraron jama'a, a masallaci ko a coci, ya san mutumin da ke kuka saboda laifinsa da dare ya koma masa da safe, kuma nauyin laifin bai ragu a zuciyarsa ba, sai ma ƙaruwa da yake yi. Greene kansa ya rabu da matarsa a 1947 saboda wata mace, bai kuma sake ta ba har mutuwarsa domin Katolika ba ta yarda da saki ba, don haka mutumin da Orwell ya ce ba zai yiwu ba yana raye a lokacin, shi ne ma ya riƙe alƙalamin.

Rubuce-rubucen Orwell su ma sun ba da shaida a kan wannan batu. A maƙalarsa ta 1936 mai suna Shooting an Elephant, mai ba da labarin ɗan sandan Birtaniya ne a ƙasar Bama wanda ya harbe giwa alhali ya tabbata bai kamata a kashe ta ba, kuma ya amsa cewa tsoron kada jama'a su yi masa dariya ne ya sa shi. Idan tsoron dariya zai iya rinjayar lamirin ɗan sanda a Bama, don me tsoron hawayen mace ba zai rinjayi lamirin ɗan sanda a Saliyo ba? A shekarar da ya rubuta wannan sharhi kuma Orwell yana kan rubuta Nineteen Eighty-Four, littafin da ya shahara da bayanin yadda mutum ke riƙe tunani biyu masu karo da juna ya kuma gaskata su duka. Abin da ya yarda cewa siyasa tana iya yi wa zuciyar ɗan Adam, ya ƙi yarda cewa addini da sha'awa da tausayi za su iya yi mata, kuma bai kawo dalilin wannan bambanci ba.

Hujja ta biyu tana da ƙarfi a zahiri, domin Orwell ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama daga 1922 zuwa 1927, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai rayuwarsa ita ce amsar hujjarsa, domin shi ma mutum ne mai tsananin lamiri da ya sa kakin har shekara biyar, wanda ke nuna cewa aikin ba ya tace masu shigarsa ta fuskar taushin zuciya. Batun cewa da Scobie ya faɗi tun da wuri kuwa ya manta da yadda Greene ya jera musabbabai, domin ruwa ba ya tsami banza. Scobie ya rasa 'yarsa tilo tana Ingila shi yana Afirka, bai ga mutuwarta ba, kuma cikin waɗanda aka ceto daga teku akwai wata ƙaramar yarinya da ta cika a gabansa, har ya roƙi Allah ya ɗauke masa tasa natsuwar ya ba ta. Kafin zinar ma an riga an ga tsagewar farko, lokacin da ya binciki wani jirgin Fotugal ya sami wasiƙar da kyaftin ɗin ya ɓoye domin 'yarsa da ke Jamus, ya buɗe ta ya ga babu laifi a ciki, ya ƙone ta maimakon ya miƙa ta ga hukuma kamar yadda dokar yaƙi ta tanada. Ya ƙi kuɗin da kyaftin ya yi masa tayi, amma hawayen uba ya saye shi. Yaƙi da bashi da kaɗaici da makokin da ba a yi ba sun haɗu a kansa a lokaci guda, kuma kowane mataki ƙarami ne idan aka gwada shi da wanda ya gabace shi, wanda shi ne yadda mutanen kirki suke lalacewa a zahiri.

Hujja ta uku ita ce wadda ta cancanci a amsa wani ɓangarenta. Gaskiya ne cewa littafin bai ba ɗan Afirka ko ɗaya damar a ji abin da ke cikin zuciyarsa ba, kuma gaskiya ne cewa akwai gwagwarmayar siyasa a Saliyo a lokacin, domin hukumar mulkin mallaka ta tsare ɗan gwagwarmaya Wallace-Johnson, wanda ya kafa reshen ƙungiyar matasan Afirka ta Yamma a Freetown, tun daga 1939 har 1944, littafin kuwa bai waiwayi wannan ba. Wannan giɓi ne na gaske, kuma mai karatu ɗan Afirka yana da haƙƙin ya ji zafinsa. Amma daga nan a ce labarin zai iya faruwa a gefen Landan, maganar ta wuce gona da iri. A wace unguwar Landan ce ɗan sanda ke binciken jiragen ƙasashen 'yan ba-ruwanmu yana neman lu'ulu'un da ake satar kaiwa Jamus? A ina ne a Landan rancen fam 200 daga ɗan kasuwa zai zama igiya a wuyan jami'i, saboda 'yan tsirarun Turawan gari sun sa wa juna ido a kulob ɗaya, kowa yana ƙirga kuskuren ɗan'uwansa? Labarin matashin Di'o Pemberton na cikin littafin, wanda bashi da kaɗaici suka sa ya rataye kansa a Bamba, ba shi da wurin faruwa sai inda aka ɗora wa yaro mulkin jama'ar da bai san su ba.

Mutuwar Ali ce ta fi rusa wannan hujja. Ali ya yi wa Scobie hidima shekara 15 ba tare da ha'inci ba, amma da maigidan ya zama mara gaskiya sai ya daina yarda da kowa, ya miƙa sunan yaronsa ga mutumin da ya san ba ya da imani, ya kuma bayar da tsinkakken carbinsa a matsayin shaidar da za a kira Ali da ita. Mutumin da ya kasa jure ganin hawayen Baturiya ya iya zama a ofishin Yusef yana jira har aka yanka baƙin mutum mai ƙaunarsa. Wace tuhuma ce a kan mulkin mallaka ta fi wannan zafi, a nuna cewa tausayin Baturen da ya fi kowa kirki yana da iyaka, kuma iyakar ta faɗa a kan wuyan boyinsa? Orwell ya nemi a yi maganar launin fata da baki, Greene kuwa ya ajiye gawa a bakin tasha ya bar mai karatu ya dube ta.

Saura hujja ta huɗu, cewa Greene ya ɗaukaka mai zunubi. Ana gane abin da marubuci yake ɗaukakawa ta hanyar sakamakon da ya ba aikin, kuma sakamakon sadaukarwar Scobie babu ne. Ya kashe kansa domin ya ɓoye wa Louise zinarsa, sai ga shi ta san da ita tun kafin ta dawo. Ya gyara littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum domin a gaskata ciwon zuciya, sai Wilson, ɗan leƙen asirin da ke son matarsa, ya gano cewa an ƙara wasu layuka daga baya. Ya yi zaton mutuwarsa za ta 'yantar da Helen, sai aka bar ta fanko, ba ta damu da wanda ya kusance ta ba. Marubucin da ke son ya naɗa wa mutum rawanin waliyyi zai tsara ƙarshe irin wannan? Laifin Scobie na asali shi ne ya ɗauka farin cikin kowa a hannunsa yake, bai yarda matarsa za ta iya ɗaukar gaskiya ba, bai yarda Helen za ta iya rayuwa ba tare da shi ba, a ƙarshe ma bai yarda Allah zai iya kula da bayinsa ba sai da taimakonsa. Ƙauna tana kallon mutum ido da ido, ta ba shi gaskiya ko da mai ɗaci ce, irin wannan tausayi kuwa daga sama yake leƙowa, yana ƙasƙantar da wanda yake ikirarin ceto. Greene ya bayyana daga baya cewa manufarsa ita ce nuna yadda tausayi kan zama fuskar girman kai mai ban tsoro, kuma tun a The Ministry of Fear, wanda ya rubuta a Freetown aka buga a 1943, ya kawo mutumin da ya ba matarsa mara lafiya guba saboda tausayi, sannan ya rayu yana tambayar kansa ko azabarta ce ya kasa jurewa ko tasa.

Finafinan da ya rubuta a wannan tsakani sun ƙara tabbatar da haka, kuma fim yana da amfani a matsayin shaida domin ba shi da wurin ɓuya a dogon bayanin zuci, dole hali ya fito a aikace. A The Fallen Idol, wanda Carol Reed ya ba da umarni, wani yaro ɗan jakada yana ta shirya ƙarya domin ya kare ma'aikacin gidansu da yake ƙauna, ƙaryar kuwa ita ce ke ƙara sa 'yan sanda zargin mutumin da kisan da bai yi ba, wanda shi ne darasin Scobie a bakin yaro. A The Third Man kuwa, wanda aka ɗauka a birnin Vienna lokacin da ƙasashe huɗu suka raba shi bayan yaƙi, Greene ya ƙirƙiro Harry Lime, mai fara'a da daɗin baki, wanda ke sayar da allurar penisilin da aka gauraya, kuma yake cewa har yanzu ya yi imani da Allah da rahamarsa. Idan da Greene yana ganin halaka alfarma ce, ga damar da zai nuna hakan, domin Orson Welles ya fito da Lime da kwarjinin da ke jan ɗan kallo. Sai dai labarin ya ɗauki abokin Lime, Holly Martins, ya kai shi asibitin yaran da suka kamu da sanƙarau aka yi musu gurɓatacciyar allura, ya tsayar da shi a gaban gadajensu, daga nan ya bi Lime har cikin magudanan ruwa na ƙarƙashin birni inda Lime ya mutu. A cikin fim ɗin, daga saman wani ƙaton lilo mai juyawa Lime ya leƙo mutane ya gan su kamar ɗigo, Scobie kuwa ya leƙo su ya gan su kamar marayun da ba su da kowa sai shi. Ɗaya ba ya tausayi, ɗaya tausayi ya yi masa yawa, amma dukansu daga sama suke kallo, kuma dukansu sun bar gawa a bayansu. Hukumar finafinan Birtaniya ta zaɓi wannan fim a 1999 a matsayin mafi kyawun fim ɗin ƙasar, kuma ya fito ne watanni kaɗan kafin rasuwar Orwell a Janairun 1950.

Zargin cewa Greene yana yi wa Katolika fadanci shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, domin 'yan ɗariƙar da kansu ba su ji daɗin abin da ya rubuta ba. Evelyn Waugh, abokinsa kuma ɗan Katolika, ya ƙi amincewa da tunanin cewa mutum zai zaɓi halaka saboda son Allah, har ya danganta shi da saɓo, kuma a 1953 ofishin fadar Paparoma mai kula da aƙida ya yi tir da The Power and the Glory, labarinsa na 1940 a kan wani fada mashayi a Meziko. Abin da Greene ya ƙi yi shi ne yanke wa Scobie hukuncin lahira, domin a ƙarshen littafin Fada Rank ya tunatar da Louise cewa coci ta san dokoki amma ba ta san abin da ke gudana a zuciyar mutum ɗaya ba. Ƙin yanke hukunci a kan makomar mamaci ladabi ne da masu imani da yawa suka sani, kuma ya bambanta ƙwarai da wanke shi daga laifi. Orwell ya haɗa biyun ya mayar da su abu guda.

Saboda haka matsayin wannan martani yana nan daram. Orwell ya yi gaskiya da ya lura cewa 'yan Afirka ba su sami murya a littafin ba, kuma wannan ya rage masa daraja. Amma ya yi kuskure da ya ce Scobie ba zai yiwu ba, ya yi kuskure da ya ce Saliyo ado ce kawai a labarin, ya kuma yi babban kuskure da ya karanta tuhuma a matsayin yabo. Greene ya rubuta gargaɗi ga mutumin kirki wanda ke yin ƙarya don kada a ji ciwo, yana karya doka don kada a yi kuka, yana ɗaukar wa kansa aikin da ba nasa ba har ya halaka waɗanda ya rantse zai kare. Duk mai son ya san hukuncin da littafin ya yanke wa Scobie, ya koma tashar jiragen ruwa inda aka tsinci gawar Ali da carbin maigidansa a kusa da ita.